Wuƙar Baba da Ragon Inna

Tun da na dawo daga Kete ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a rumfarmu ta maɗinka a nan Zangon Kumasi, na zura zare a allura, sai wani ya tsuguna gabana ya ce, "Habu, wai yaya hanya?" Kafin in kai Mampon da labari wani ya iso, sai a ce in koma farko. Jiya har na ɗinke wa wani bawan Allah bakin aljihu saboda surutu. To, ga labarin gaba ɗaya, sau ɗaya tak. Na san abin da yawancinku ke son ji, kuma zan iso wurin, amma ku bar ni in bi hanyar zango-zango yadda na taka ta.

Ga wanda bai sani ba, a Kete aka haife ni, can hayin babban kogi, ƙasar da Jamusawa ke riƙe da ita. Shekara takwas ke nan da na zo Kumasi koyon ɗinki, na zauna, na auri Hajara. Babana bafatake ne, ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar Inna ita kaɗai a gida. Sau biyu ina aika mata ta hannun fatake cewa ta taho, sau biyu tana aiko mini da daddawa da amsa iri ɗaya: tana nan lafiya, kabarin maigidanta ba ya zuwa ko'ina, ita ma haka. Da cikin Hajara ya shiga wata takwas, ga shi cikin fari, ga ta marainiya ba wata babba da za ta tsaya mata a wankan jego, sai na naɗe tabarmata na ce wannan karon ƙafata ce za ta je.

Na shiga ayarin Madugu Tanko, mai kai goro Kete ya komo da gishiri. Ranar tashi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba ɗaurin kaya. Da ya zo kaina sai ya taɓa damtsena, ya taɓa ƙuguna, ya dube ni.

"Ina wuƙarka?"

Na zaro almakashina daga aljihu na ɗaga sama. "Ga ta, Baba Madugu. Biyu ce ma, an haɗa su da ƙusa."

Ayari ya kwashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "To, Allah ya sa daji na bukatar ɗinki."

Gaskiyar maganar kun san ta, ba sai na ɓoye ba. Ba na shiri da wuƙa. Ko kaza Hajara za ta dafa, maƙwabcinmu ake kai wa ya yanka, ni kuwa a daidai lokacin nake tuna ina da wani aiki a kasuwa. Tun ina yaro in na ga jini na zuba sai jiri ya ɗebe ni. Na ɗauka mutum zai iya tsufa a haka ba wanda ya damu.

Kwana na farko a kurmi na gane shekara takwas ɗin nan a Zango na yi su, ba a ƙasar Tonawa, 'yan asalin Kumasi, ba. Da muka sauka aka gasa doya, kowa ya zaro wuƙarsa ya kankare tasa ya hau ci, ni kuwa ina gefe ina yi wa tawa aski da almakashi. Washegari ina son sandar dogarawa saboda hawan dutsen Mampon, sai da na ara. Igiyar kayana ta ƙulle, na ara. Ƙaya ta shige mini dunduniya, na ara. Kafin kwana uku ba mai kirana Habu, sai Ara-mini. Amma kada ku ce almakashi bai yi rana ba. Duk wanda wandonsa ya yage a ayarin nan, gabana ya zo ya tsuguna, kuma sai da na sa shi ya faɗi sunana na gaskiya kafin in zura zare.

A ƙa'ida a zangon Musulmi muke kwana, kowane gari da nasa, amma wata rana ruwa ya tare mu da la'asar sakaliya a wani ƙaramin ƙauye, dole muka nemi masauki gidan wani dattijo Batone. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Aka jera mana kujeru, aka kawo ruwa, sannan mutanen gidan suka taso suka bi mu da musafaha daga dama zuwa hagu, ba a tsallake kowa. Suka koma suka zauna. Sai dattijon ya sa aka tambaye mu abin da ke tafe da mu, alhali ga mu jiƙe sharkaf, ga huhunan goro a ƙofarsa. Madugu ya miƙe ya bayyana tun daga fitowarmu Kumasi har ruwan da ya kore mu, kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Su ma suka ba mu labarin abin da muka tarar a garin. Sai bayan nan aka ce, "Akwaaba," wato maraba. A wurinmu baƙo sai ya ci ya ƙoshi ya huta kafin a ce masa lafiya dai ko. Su kuwa sai sun ji bakinka tukuna, amma da sun ji, gidan ya zama naka.

Aka kawo fufu na rogo da agada, mai santsi, da miya cike da dodon-koɗi manya kamar dunƙulen hannu, da naman wani abin daji. Muka dubi juna. Dattijon ya lura, ya yi dariya har da buga cinya, ya yi magana da matarsa. Jim kaɗan sai ga shi da zakara a hannu, da ransa, ya miƙa wa Madugu ya ce da 'yar Hausarsa, "Kramo, yanka da kanka." Kramo suke ce wa Musulmi. Ya san ba ma cin abin da ba Musulmi ne ya yanka ba, kuma bai ji haushi ba ko kaɗan. Aka yi mana miyar gyaɗa daban. Ni dai laifina ɗaya a gidan, na tauna fufu. Matan gidan suka leƙo suna nuna ni suna ƙyalƙyala dariya, ashe haɗiya ake yi.

Daga Ejura kurmi ya fara sakin mu, sama ta buɗe, muka wuce Atebubu muka karkata gabas. Kwana goma sha uku muka iso bakin kogi. Tsallaken nan na Ingilishi ne, wancan na Jamusawa, ruwan kuwa bai san da maganar ba. Masu fito suka haye da mu. A mashigi akwai Bature zaune a inuwa yana fifita da hularsa, da wani soja baƙar fata mai bincike, wanda da ya buɗe baki sai ga Hausa garau, wai shi mutumin Zazzau ne. Ya zazzage jakata, ya ɗaga almakashi.

"Kai maɗinki ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya waiga ya ga Baturen ba ya kallo, ya juya mini baya ya ɗaga rigarsa. Wandon ya farke tun daga ƙugu. Haka na shiga ƙasar Jamusawa, a tsugune bayan soja da allura a baki.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka yi ta tun zamanin kakanni. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta duban idona, in za ta yi mini magana sai ta ce "kai," ko ta gaya wa bango. Da na yi sallama na durƙusa, shekara takwas rabonmu, abin da ta ce kawai shi ne, "An zo lafiya? Ya mai jiki biyu?" Ta tashi ta shige madafa. Amma tuwon da ya fito, miyar kuka ce da busasshen kifi da man shanu, irin wadda nake lashe kwano a kanta ina yaro, kuma na san ba a haɗa ta cikin gaggawa. Tun da ta ji ayari ya iso bakin kogi ta ɗora tukunya.

Ina cikin ci sai na ji an busa mini numfashi a wuya. Na waiga, sai ga rago fari tas, mai baƙin kunne, ƙaho ya murɗe sau biyu, yana leƙen kwanona.

"Auta, bar shi ya ci," in ji Inna. "Zo nan, Autana."

Kun ji fa. Ni da ta haifa ba ni da suna, rago kuwa har da na shagwaɓa. Dusa da kanwa yake ci a ƙwaryar da ta fi tawa kyau, a ƙofar ɗakinta yake kwana, tana yi masa wanka da sabulun salo. Ban yi kishi ba, don na gane. Abin da al'ada ta hana ta nuna mini ne take zuba wa dabbar nan.

Kwana uku ina lallashi. Rana ta huɗu, tana tsefe wa Auta gashin wuya, ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Tun ranar da fatake suka ce an ɗaura aure na saye shi yana ɗan ƙarami. Ragon sunan jikana ne. Ba zan shiga gidan surukata hannu rabbana ba, kamar wadda aka tsinto. In ya isa, na isa. In bai isa ba, ayarin da ya kai ni shi zai komo da ni."

Na ce, "Inna, raguna cike suke a Kumasi."

"Na wasu ne," in ji ta.

Na san Inna. In ta faɗi magana ko Baba bai iya juya ta ba. Don haka tun daga ranar na san abin da ke gabana. Ba tsohuwa zan kai Kumasi ba, rago zan kai, tsohuwa ta biyo shi. Da safen tafiya ta je maƙabarta ta tsaya daga nesa ta daɗe, ta dawo ta ja ƙyauren ɗakinta, ta bar wa maƙwabciya ajiyar tukwanenta. Na lura ajiya ta ce, ba kyauta ba.

A jirgin fito na yi wautar da har yanzu hannuna ke tunawa. Don kada Auta ya kufce, sai na naɗe igiyarsa a wuyan hannuna na ƙulle tam. Muna dab da gaɓar Ingilishi wani kifi ya yi tsalle, Auta ya firgita ya faɗa ruwa, ya fizge ni har ƙirjina ya bugi gefen jirgi. Jirgin ya karkata, ruwa ya fara shiga, ga buhunan gishirin Madugu, ga mai fito na ihu da yarensa. Ina ja, rago na ja, ƙullin na ƙara cin nama. Ban ga lokacin da hannun Inna ya shiga ƙarƙashin zanenta ba. Walƙiya kawai na gani, igiya ta rabu biyu, na faɗa da baya cikin jirgi. Auta ya yi iyo ya fita gaɓa ya kakkaɓe jikinsa kamar ba abin da ya faru.

Inna ta ce, "Allah ya sa bai sha ruwa ba."

Ragon take nufi. Amma da muka sauka da yamma na tarar da ɗan kaskon man kaɗe kusa da tabarmata, na ji tana gaya wa murhu cewa in akwai mai ciwon hannu ya shafa.

Wuƙar kuwa da ganin ta na gane ta. Ta Baba ce. Kubenta jar fata ce da gumi ya mai da baƙa, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, wasawa ta cinye cikinta har ta rame. Da ita ya yi fataucinsa duka, kuma Inna ta ce ko bayan gari bai taɓa fita babu ita ba. Kowace safiya sai ta sami dutse bakin rafi ta wasa ta, ta gwada a farcenta. Da ita take yanko wa Auta ganye, ta fere doya, ta feƙe tsinken sakace, ta cire wa mutanen ayari ƙaya. Wata rana ruwanmu ya ƙare, ta dubi wata igiyar daji mai kauri da ta sauko daga bishiya, ta sare ta sama da ƙasa, sai ga ruwa mai sanyi na ɗiga. Madugu ya sha ya goge baki ya dube ni ya ce, "Ara-mini, yanzu kam aro ya zo gida."

Bayan Atebubu muka iso wani ƙauye da rafi ya ratsa gabansa. Muna shirin tsallakawa sai ga tsofaffin mata sun fito suna ɗaga hannu suna kururuwa. Madugu, da yake yana jin Tonanci, ya ce wai rafin nan nasu ba ya son akuya, ba a taɓa haye shi da ita ba, in an yi sai an yi wa rafin gyara mai tsanani irin na tsafinsu. Inna ta ajiye kayanta.

"Wa ya ce akuya? Wa ya ce wa Auta akuya?"

Aka taru, ana nuna ƙaho, ana nuna ƙafa, kowa na faɗin tasa. Inna ta kama babbarsu da hannu ta zagayo da ita bayan rago, ta ɗaga wutsiyarsa ta saki, wutsiyar ta faɗi ƙasa. Ta sake ɗagawa ta saki. Sannan ta miƙar da ɗan yatsanta sama ta yi kukan akuya, don a ga yadda tata wutsiyar ke tsayawa. Tsohuwar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ba mai jin yaren wata, amma kafin mu wuce sun cika wa Auta ƙwarya da ɓawon agada, sun raka Inna har hayi suna ce mata Maame, wato uwa.

A rafukan nan ne tsando ya same shi, ƙudan nan mai cizo da ke sa wa dabba sammore. Inna ta yi ta kore su da reshe, ta shafa masa toka, amma wa zai tsare ƙuda? Daga Ejura ya fara barin dusa a ƙwarya. Idonsa ya riƙa zubar da ruwa, gashinsa ya tashi, tafiyarsa ta koma ta tsoho. Mukan iso zango bayan kowa ya gama cin abinci. A Mampon Madugu ya zo ya tsuguna gaban Inna, ya buɗe fatar idon ragon ya duba.

"Inna, ki bari in yanka shi yanzu, tun yana da nama a jiki."

"Kwana nawa ya rage?"

"Uku, a tafiyarsa."

"Zai kai. Ku wuce, kada gishirinku ya sha damina saboda mu. Hanyar a fili take, kuma muna da wuƙa."

Madugu ya miƙe ya dube ni sama da ƙasa. "Wuƙa kam kuna da ita. Mai riƙe ta nake tunani."

Suka wuce da sassafe, mu uku muka biyo baya sannu a hankali. Muka gangara dutse muka sake shiga kurmi. Ranar farko ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. In ya tsaya Inna ta tsaya, ta yi masa magana a kunne, ya ɗaga ƙafa. Rana ta biyu, wajen tsakar rana, a wani wuri da ba gida ba gona, ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe. Ya yunƙura sau ɗaya, ya kwanta a gefe, ya miƙe wuya. Inna ta zuba masa ruwa a baki, ruwan ya dawo. Ta sa tafin hannu a haƙarƙarinsa tana jin numfashinsa.

"Kai. Zo nan."

Na matso. Ta riga ta zare wuƙar, ta riƙe ta ta wajen kaifi, ƙota na kallona.

Na ce, "Inna, ki yi da kanki. Kin fi ni iyawa."

"Ka taɓa ganin mace ta yi yanka ga namiji tsaye?"

Na taɓa jin malamai na cewa ya halatta, amma ba ranar kawo wa Inna fatawa ba ce, kuma namijin dai ga shi tsaye, ko da irina ne. Na ce bari in ruga ko zan cim ma wani Musulmi a hanya.

"Dubi idonsa," in ji ta. "Yanzu yana ƙiftawa. In ya daina, mushe ne. Sai mu ja shi cikin ciyawa mu bar wa tururuwa, ko fatarsa ba zan taɓa ba." Ta shafa masa wuya. "Shekara biyu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na karɓa. Na ɗaga kai in nemi alƙibla, sai ganye kan ganye, rana na tsaka, ko inuwa babu balle in san gabas. Na juya nan, na juya can, kamar wanda aka rufe wa ido. Inna ta nuna da haɓa ta tsakanin wasu bishiyoyi biyu.

"Kete na can. Fuskantar da shi gida."

Duk tsawon tafiyar nan, duk lanƙwasar da hanya ta yi, ashe ba ta taɓa ɓacewa da inda Kete yake ba, Kete kuwa gabas yake, wajen alƙibla.

Muka juya shi. Ta riƙe ƙafafun baya, tana faɗa mini abin yi da murya ƙasa-ƙasa, yadda ta ga Baba na yi. In take ƙafar gaba. In kama haɓa in ja baya. In lalubi ƙullin maƙogwaro in bar shi ta wajen kai. In na fara kada in ɗaga hannu sai na gama. Sannan ta ce, "Auta, yi haƙuri," ta kau da fuska.

Na ce Bismillahi, Allahu akbar. Ban rufe ido ba, don na ji tsoron in ɓata. Wuƙar nan da ake wasawa kowace safiya ba ta bar ni na sha wuya ba, ita ta yi rabin aikin. Jini ya fito da ƙarfi, ya yi shure-shure har sai da ya kusa kufce wa Inna.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Da ransa. Ya halatta."

Ni kuwa, tun da na yi alkawarin faɗin gaskiya, na ajiye wuƙa na zaga bayan bishiya na amayar da duk abin da na ci tun Mampon. Da na dawo na tarar da ita zaune a ƙasa, kan ragon a cinyarta, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Tun da nake ban taɓa ganin kukan Inna ba. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, na tsuguna nesa kaɗan.

A haka wani manomi Batone ya same mu, yana dawowa daga gona da adda a hannu da matarsa a baya. Sunansa Kwaku. Ya dubi rago, ya dubi tsohuwa, ya sauke mayafinsa daga kafaɗa ya ce, "Due, Maame, due," gaisuwar da suke yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Ya sare reshe muka rataye ragon. Ni na yi fiɗa, Inna na nuna mini, kuma a nan ban sha wuya ba, don ashe fiɗa farke ɗinki ce kawai, ka bi layi kada ka huda. Kwaku ya kai mu bukkarsa ta gona, ya kafa gwafa huɗu ya jera sanduna, matarsa ta hura wuta a ƙasa. Inna ta yanyanka naman sala-sala da wuƙar Baba, ta barbaɗa gishirin Kete da barkono. Kwana biyu muna banda. Ta ba su cinya guda da kai da ƙafafu, suka ƙi, ta ɓata rai, suka karɓa.

Duk kwana biyun nan ba ta ce uffan kan tafiya ba, ni kuma na ji tsoron tambaya. Ta ce in ya isa ta isa, ga shi bai isa ba. Na san ayarin Madugu zai sake juyawa Kete cikin kwana goma. Na ɗora kwandon nama a kaina, fata a naɗe a sama, muka kama hanya, tana gaba ina baya, ina ta lissafin abin da zan gaya wa Hajara.

Muna shigowa bakin Zango da hantsi sai ga maƙwabciyarmu mai koko ta hango ni, ta ajiye ludayi ta taho da gudu, tana ihu da Hausarta ta 'yan Zango.

"Habu! Matanka ya haihu! Namiji! Yau kwana huɗu, lafiya lau, shi da yaro duka!"

Na yi kabbara don murna. Inna kuwa ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta kwance ɗankwalinta na sama ta naɗa gammo.

"Kai. Sauke."

"Inna, da nauyi."

"Na ce sauke."

Na ɗora mata. Haka ta ratsa Zango, tsohuwar da ta yi kwana goma sha takwas a hanya, kwando a ka, wuya a miƙe, mutane na yi mata sannu tana amsawa ba ta waiga ba. A ƙofar ɗakin Hajara ta sauke da kanta. Hajara ta yunƙura za ta durƙusa, Inna ta hana ta.

"Ga abin da na zo da shi, 'yar nan. Da ƙafarsa ya taso. Saura kwana ɗaya ya gaza."

Ban taɓa gaya wa Hajara komai game da ragon ba, yaushe ma na gan ta? Amma yarinyar nan Allah ya yi mata hankali. Ta dubi fuskar Inna, ta buɗe kwandon, ta ɗauki sala guda ta ci nan take a gabanta, ta sake ɗaukar wani.

"Inna, tun da na haihu bakina bai karɓi komai ba sai yau."

Inna ta juya. Ta sa hannu cikin tukunyar ruwan wanka da ke kan murhu, ta ja tsaki, ta ce wa ya ce wannan ruwan jego ne, ko kaza ba zai fige ba, a ƙaro itace.

Ranar suna na samo rago a kasuwar shanu, liman ya yanka, ni na riƙe ƙafa, kuma waɗanda ke wurin shaida ne ban je ko'ina ba. Aka raɗa wa yaro sunan Baba, don haka shi ma Inna ba za ta faɗi sunansa ba, Maigida take ce masa. Naman Auta kuwa ko yanki ba a ba baƙi ba. Na mai jego ne, kullum Inna na gasa mata da yaji tana tsaye sai ta cinye.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don har yanzu ƙullin kayanta na nan a kusurwa ba ta kwance ba. Ana jibi ayari zai tashi na wanke wuƙar, na wasa ta yadda na ga tana yi, na shafa mata mai na mayar cikin kube, na ajiye a bakin tabarmarta. Na ce a raina in tafiyar ce, kada ta shiga daji ba ita. Washegari da la'asar Madugu Tanko ya yi sallama ya shigo ya tsuguna. Inna na zaune da jariri a cinya tana shafa masa man kaɗe.

"Inna, gobe in Allah ya kai mu za mu juya. Na ce in ji ko in sa a ɗaukar miki kaya."

Ni ina bakin ƙofa na kasa kunne. Ba ta dubi Madugu ba, ba ta dube ni ba. Ta kama 'yan ƙafafun jaririn ta haɗa su a tafinta, ta sunkuya kansa.

"Maigida, gaya wa Madugu ya gai da mutanen Kete, ya ce wa maƙwabciyata tukwanen nan ta riƙe, na bar mata. Ka kuma gaya wa ubanka ya ɗauke wuƙar nan daga gabana ya ɗaura a damtsensa. Shi ke da sauran tafiya. Ni na iso."